Shekarar da Muka Kashe Gurbin Mahaɗa

Ni 'yar manoma ce, haifaffiyar Ƙofa, kuma har ranar da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa sa hannu a cikin ɗanyen kifi ba. A gidanmu busasshe muka sani, wanda ake sayowa a kasuwa a marmasa a miyar kuka. Sai ga ni a gidan masunta, a wani ƙauye na bakin kogin Kano ta wajen Tudun Wada, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara su tafi. Abin da ya fara yi mini sannu da zuwa ƙarni ne. Yana jikin tabarma, yana jikin ƙwaryar sha, yana jikin mijin nawa, wanda kuwa ni da bakina na ce na ji na gani. Na yi mako biyu ina cin tuwo ina ɗauke numfashi, in na faki ido in zaga bayan ɗaki in tofar da yawu.

Mu huɗu ne a gidan: surukina da nake kira Baba, matarsa Inna, maigidana, sai ni. Baba shi ne sarkin ruwan ƙauyen. Sarauta ce marar rawani marar kiɗa, aikinta kawai ya ce yau a shiga ruwa kaza, gobe kada a taɓa ruwa kaza, kuma a ji. Abin da ya fi tsarewa shi ne gurbin mahaɗa, wani wuri mai zurfi inda rafin fadamarmu yake faɗawa cikin kogi. A lokacin ba a yi madatsar ruwa ba, in rani ya yi nisa kogin yashi yake komawa, mutum ya tsallaka shi da takalminsa. Gurbin nan kaɗai ke riƙe ruwa har damina ta zagayo, kuma duk kifin da ya rage da rai a yankinmu nan yake taruwa.

Ban cika zuwa kogi ba, aikina a tsakar gida yake. Maza su kawo, mu mata mu gyara mu jera a kan banda. Ranar da Inna ta fara miƙa mini wuƙa ta kafa mini doka guda, wai kada in watsa wa kaji kayan ciki sai na tsaga tumbin na ga abin da ke ciki. Na ɗauka wahalar da ni take son yi. Ashe Baba ne ke son sani. Saboda kunya ba ya yi mini magana kai tsaye. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana ƙulla komar kamun kifi, sai ya tambayi Inna me yarinyar nan ta samu yau. Ni kuma ina tsugune taku uku daga gare shi in faɗa wa Inna, Inna ta maimaita masa kamar kurma ne.

Da haka na san shekara ta cikin tumbin kifi, ba da son raina ba. In ruwan farko ya sauka shinge, wato gina mai fiffike, ya tashi, duk tarwaɗar da na tsaga cike take da fukafukai da tana, ta yi tam. In ruwa ya hau fadama sai kawara ta hauro daga ƙasan kogi, 'yar fara mai walƙiya, cikinta irin ciyawa da fara da 'ya'yan ɓauren da suka faɗo ruwa. Ita kaɗai nake gyarawa ban yamutsa fuska ba. A bayanta tsage ke zuwa da haƙoransa, shi kuma abin da ke cikinsa kawarar ce, wani lokaci ɗungurungum har da idonta. Karfasa ba ruwanta da kowa, gansakuka take kiwo, cikinta kore shar, ya yi ta bin yatsu kamar miyar karkashin da ta kwana. Da kaka kowanne ya yi ƙiba, kitse har ɗiga yake a wutar banda. Daga nan ruwa ya fara ja da baya, kawara da tsage su bi shi su yi tafiyarsu, a bar mu da tarwaɗa da ƙurungu da karfasa.

Na rani kuwa, Allah ya kiyaye. Ƙurungu laka yake ci da ƙananan katantanwa, kana tsaga shi wari ya doke ka. Tarwaɗa ba abin da take ƙi a duniya. Na ciro kwaɗo daga cikinta, na ciro ɗan tsako da gashinsa, na ciro kashin shanu. Ran nan na ciro wani abu mai gashi yana yauƙi, na yar da wuƙar na yi amai a gindin turmi. Inna ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa Baba da aka faɗa masa bai yi dariya ba, ya ce akwai mushe a ruwa, ya aika aka je aka jawo wani ruɓaɓɓen ɗan akuya daga cikin kainuwa. A ranar na gane tambayar tasa aiki ce.

Abin da yake jira duk shekara shi ne ranar da zan ce tumbi ya koma fayau, kuma ƙwai ya fara fitowa a gefensa. Wannan da bazara yake faruwa, lokacin da abinci ya ƙare a ruwa, kifi ya daina ci yana jiran ruwan sama. Da ya ji haka sai ya je masallaci ya sanar an rufe gurbi. Ba koma, ba fatsa, ba kafa tarkon gura, har sai ruwan farko ya haɗa gurbin da rafi, masu ƙwan nan sun haura fadama sun zuba. Ya sha gaya wa maigidana, ina ji, cewa kifin da gari zai ci shekara guda yana cikin cikunan nan.

To, ni ina da tawa damuwar, kuma danginmu ne. Duk sanda na je ganin gida, kafin in gama gaisuwa gwaggona ta fara shinshina iska tana tambayar wa ya yar da mushe a gidan. In na tashi daga tabarma sai ƙannena su kaɗe ta su shanya a rana, suna yi suna ƙyalƙyala dariya. Ba a bari in taɓa ƙwaryar fura sai na wanke hannu da toka. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a zuciyata na yarda da su. Ni ma ƙyamar kaina nake yi.

A shekarata ta uku aka sa bikin ƙanena da bazara. Aka aiko mini cewa yayata, wadda ke auren wani ɗan kasuwa a Bebeji, za ta kawo gudummawar shinkafa da atamfa. Nan take na ƙudurta zan shiga Ƙofa da kwandon bandar kifi wanda sai mutum biyu sun kama, in ga bakin da zai sake yi mini maganar ƙarni alhali yana taunar ƙarnin. Sai dai kwana goma ke nan da rufe gurbi, kuma ni ce ma na ga ƙwan na faɗa. Busasshen da ya rage a rumbu ko faifai ba zai cika ba.

Na sa maigidana a gaba. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya iya ce wa kowa a'a, ni kuwa na san wannan sarai. Da safe in yi, da rana in yi. Na ce ashe ɗan sarkin ruwa guda ba zai iya fitar da matarsa kunya ba. Na ce kwando ɗaya a gurbin nan wa ma zai san an taɓa. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce in haka ne ba zan je bikin ba, kuma kowa zai san dalili. Shi dai ya yi ta cewa Baba ya rufe. Ana cikin haka aka yi wa Baba rasuwar wani tsohon amininsa can wajen Doguwa, ya ɗauki sandarsa ya tafi ta'aziyya, tafiyar kwana uku zuwa da dawowa.

Maigidana ya ce ko da zai yarda, koma ba za ta yi ba, don shiga ruwa da koma sai an gan shi, kuma kifin yana can ƙasa ya lafe. Ni ce na tuna masa da magimfa. Wani tsiro ne mai tsayi kamar mutum, muna da biyu a bayan gida. Ana daka ganyensa a kaɗa a ruwa, sai kifi ya bugu ya taso sama a tsince shi da hannu. Baba yana amfani da shi, amma a ƙananan kududdufan da za su ƙafe ko an so ko ba a so ba, kuma da hannunsa yake auna ganyen. Daga ƙarshe maigidana ya ce in daka cikin turmi ɗaya tak, zai kaɗa a bakin gaɓa, na gefe-gefe su taso ya kwashe.

Da safe Inna ta tafi barka a maƙwabta, na shiga daka. Ganyen yana da wani ɗoyi mai hawa kai, ruwansa kore yana fantsama, ido ya yi ta ƙaiƙayi. Da na gama turmi ɗaya na duba, sai na ga abin ya yi mini kaɗan. Na ce a raina, wannan ai awon kududdufi ne, gurbi kuwa ya ninka kududdufi sau nawa. Na ƙara na biyu. Na ƙara na uku, na tsige bishiyoyin nan sai da suka koma tsirara. Na cusa duka a buhu na ɗaure baki, na miƙa masa. Ya ɗaga ya ji nauyi ya dube ni, na ce ai ruwa ne ya jiƙa shi. Ni da ban taɓa ganin gurbin da bazara ba, ban san ya ja ya koma rabinsa ba, ban san ruwan ya tsaya cik ba shiga ba fita, ga shi ya ɗau zafi. Shi ya sani, amma bai kwance bakin buhun ya duba ba, haka ya je ya juye shi duka a ruwan.

Kafin azahar ya faɗo gida a guje, wandonsa jiƙe, ba kwando a hannunsa. Inna ta dawo ke nan. Sai nuna hanyar kogi yake. Inna ta dube shi, ta dubi hannuwana da suka yi kore har gwiwa, ta leƙa bayan gida ta ga bishiyoyin. Ba ta tambaye mu komai ba, ta ce in kwaso duk kwandon da ke gidan.

Tun daga kan gangare na hango ruwan ya yi fari. Na ɗauka hasken rana ne, ashe cikunan kifi ne. Karfasa ce ta fara mutuwa, ta rufe saman ruwa ba masaka tsinke, manya da ƙanana har da waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Ƙurungu yana ta juyawa yana wannan gurnanin nasa. Tarwaɗa, da yake tana da taurin rai, ta yi ta rarrafowa kan yashi tana neman tsira, yashin kuwa kamar garwashi, sai ta yi ta birgima har fatarta ta saɓule. Akwai wasu manya-manya da ban taɓa ganin irinsu a tsakar gidanmu ba, tsofaffin da suka shekara nawa suna kuɓuce wa koma, ga su nan a kwance baki buɗe. Kwaɗi sun mutu, ƙaguwa ta mutu. Ni kuwa abin da ya fara zuwa mini a rai, kuma ina jin kunyar rubuta shi, shi ne kwandona ya cika.

Ba a ɓoye irin wannan. Kafin la'asar rabin gari yana bakin ruwa. Wasu suna salati, wasu suna zagi, amma ko masu zagin da kwanduna suka zo. Aka kwasa aka kwasa, duk gidan da ke da banda ya hura wuta, waɗanda ba su da ita suka haƙa rami suka jera kara. Duk da haka ko rabi ba a ɗebe ba. Washegari waɗanda suka nutse suka taso a kumbure, zafin bazara ya dafa su a cikin ruwan. Warin ya shigo gari ya zauna. Na ce a baya na san ƙarni, to wannan wani abu ne daban, har ɗanɗanonsa kake ji a maƙogwaro, ya shiga tuwo ya shiga ruwan randa. Ungulaye suka cika bishiyoyin gaɓa, suka ci har suka kasa tashi. Bakin ruwa ya yi kumfa, tsutsa tana motsi a cikinsa kamar shinkafa a tukunya, ƙudaje kuwa in ka buɗe baki sai sun shiga. Fulanin da ke shayar da shanu a wurin suka zo, shanun suka shinshina suka juya.

Kwana biyu ni da Inna muna tsugune muna gyara. Yatsuna suka tsattsage, ƙayar ƙurungu ta soke ni ya fi a ƙirga, hannun ya kumbura. Hannuna ya riga ya saba, ko ban yi niyya ba sai na tsaga tumbi na duba. Ba komai a cikinsu, ko tsinke. Ƙwai ne kawai, jaka biyu-biyu, na tarwaɗa kore-kore, na karfasa rawaya, yana ta tsiyaya a ƙasa. Ya taru ya cika ƙwarya, ya cika akushi, kaji suka ci suka gaji suka bar shi, tururuwa ta yi masa layi. Na yi amai har cikina ba sauran abin da zai fito. Inna wannan karon ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mini sannu ba.

Rana ta uku Baba ya dawo. An ce tun daga kan hanya ya ji warin, bai biyo ta gida ba, kogi ya zarce. An ce ya daɗe a tsaye a gaɓa dogare da sandarsa, mutane suna gaishe shi yana amsawa. Da ya shigo gida ya nemi ruwa ya yi alwala ya yi la'asar. Maigidana yana rakuɓe a jikin rumbu kamar kazar da ruwa ya daka. Na zo na durƙusa na gaishe shi, na ɓoye hannuwana a cikin zane, don koren bai gama fita ba. Na jira ya tambayi Inna. Sai ya juyo ya dube ni, karo na farko tun zuwana gidan.

Ya ce, "'Yata, me kika samu a cikinsu?"

Na ce, "Ƙwai, Baba."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya gyaɗa kai ya shiga ɗakinsa. Da ya ɗauki sandar nan ya rafka mini da ya fi mini sauƙi.

Da hantsi washegari dagaci ya zo da kansa, da liman, da dattawan gari, da ardon Fulani. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ni kuma na laɓe a bayan zana, inda nake jin komai, har ina hango su ta ɗan tsagi. Ardo ya ce shanunsu kwana uku suna zagaye mai nisa neman ruwa, 'yan maruƙa biyu da suka sha sun kwanta. Dattawa suka ce an ga ɗan gidan da buhu a bakin gurbi. Dagaci ya ce abin ya fi ƙarfin a rufe, wanda ya yi za a tura shi gaban alƙali a Tudun Wada, kuma bayan nan ya nemi wani garin. Maigidana yana zaune daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan aike na ya yi. Ni na ce a daka, ni na faɗi awo kafin in tafi. Na ga kifin ya yi yawa a wurin, na so in rage, sai lissafi ya kuɓuce mini. Tsufa ne."

Liman ya ce ya sake tunani, don wannan ba ta yi kama da shi ba. Baba ya ce ya gama tunani. Na san ya san ina bayan zanar, don ƙafafuna suna leƙowa ta ƙasa, kuma na ga idonsa ya sauka a kansu ya ɗauke. Taku biyar ne tsakanina da zauren. Da na yi sallama na durƙusa na nuna hannuwana, da magana ta ƙare. Na tsaya ina gaya wa kaina mace ba ta shiga zaman maza, kuma wannan ne karon farko da dokar ta yi mini daɗi. Dagaci ya ce albarkacin furfura ba za a kai shi ko'ina ba, amma daga ranar ruwan gari ya fita daga hannunsa. Aka ba wani daga ɗaya unguwar garin sarautar.

Na ce ba zan je bikin ba. Baba ya aiko Inna ta gaya mini in je, an riga an kashe kifayen, kada kuma su tashi a banza. Haka na shiga Ƙofa da kwandon da sai mutum biyu sun kama, kamar yadda na so. Aka yi ta guɗa. Shinkafar yayata ko kallo ba ta samu ba. Gwaggona ta zauna ta baje ƙafa, tana ɓantarar tarwaɗa tana tsotse ƙaya, mai yana bin gefen bakinta, tana cewa ashe auren masunta da rana. Ƙannen nan masu kaɗe tabarma suna cusawa a bakin zane. Na zauna ina kallon bakunansu suna motsi. Gwaggo ta miƙo mini tsoka, na ce azumi nake. Da zan tafi ta riƙo hannuna, ba ta ko shinshina ba, ta ce baɗi ma kada in manta da su.

Damina ta sauka, ruwa ya wanke gurbin, rafi ya cika ya hau fadama kamar kullum. Kawara ta hauro kaɗan, tsage ya biyo ta, suka koma da wuri. Amma tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, waɗanda su ne abincin gari, sai a kwana a wuni ba a ga na miya ba. Maza su kafa gura su dawo da kwaɗi. Yara a fadama suka rasa 'yan ƙananan da suke kamawa da ƙwarya. Sauro kuwa ya yi yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, don ba mai cin 'ya'yansa a ruwa. Da kaka, lokacin da ya kamata hayaƙin banda ya rufe gari, bandarmu kaji ne ke kwana a kai. Gidaje da dama mazansu suka tafi cin rani tun ba a gama girbi ba, maigidana ma ya bi su. Sai da aka shekara huɗu kafin gurbin ya fara komawa kamar da.

Baba bai ga wannan ba. Tun daga ranar zauren bai sake zuwa bakin kogi ba. Ya rataye komarsa, ya koma noman 'yar gonar bayan gida, yana zuwa masallaci yana dawowa. Mutanen da da suke tsugunawa su gaishe shi suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Ina jin yara a waje suna yi masa waƙar tsohon da ya ci ƙwai. Bai taɓa canza mini fuska ba. In na kai masa tuwo ya ce wa Inna a yi wa yarinyar nan sannu. Sau da yawa na shirya maganar da zan faɗa, in zo har ƙofar ɗakinsa, sai in ajiye kwanon in juya. Maigidana ma bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba, muka haifi 'ya'ya shida a kan wannan shirun.

Bazara ta biyu bayan abin, Baba ya kwanta, kwana tara ya cika. Mata suka cika tsakar gida zaman makoki, ni ke zagayawa da ƙwaryar ruwa. Inna tana zaune a jikin bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa daga ɗaya unguwar ta shigo ta yi gaisuwa ta zauna, ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, ba don kwaɗayin da ya kama shi da tsufa ba."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Inna ta ɗaga mayafinta kaɗan ta dube ni, ta jira. Na durƙusa a gaban tsohuwar na ce amin, na miƙa mata ruwa ta sha.